Adda Miriyamu Mai Aron Riguna

Ni Kalibu, shekara goma sha huɗu na yi ina fitowa a wasan kwaikwayo a Mubi, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ba ni mutumin kirki ba. In ɓarawo ake nema ni ne, in mashayi ne ni ne, in dillalin ƙarya ne ba sai an waiwaya ba. Malam Levi, malamin firamaren da ke tsara mana wasanni, ya ce fuskata ce ta jawo mini, wai in na yi murmushi sai mutum ya shafa aljihunsa. Ban ji haushi ba, don madubi ma haka ya ce. Amma ba labarina zan ba ku ba. Labarin Adda Miriyamu ne, telar da ta tufatar da mu duk waɗannan shekarun.

'Yar ƙauyen Digil ce, ubanta manomin dawa da gyaɗa. Tana budurwa ta koyi ɗinki a wajen matan mishan, aure kuma ya kawo ta cikin gari. Mijinta Yaji magini ne, yau yana nan gobe yana can wajen aiki, don haka gidan da rumfar ɗinkin da ke bakin kasuwa duk ita ce da su. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum da allura soke a gefen ɗankwalinta. Ba ta iya rage magana ba. In rigarka ta yi maka muni za ta faɗa maka a gaban surukinka, sannan ta ce ka tuɓe ta gyara. Mu duka Adda muke ce mata, wato yaya, har waɗanda suka girme ta.

Ƙungiyarmu ta samo asali ne a 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama ta biyu, da aka ce mun zama 'yan Najeriya. Kowace unguwa na neman abin da za ta nuna ranar biki. Masu rawa suka ɗauko gangunansu, mu kuwa da ba mu iya rawa ba Malam Levi ya tara mu, mu tara, ya ce za mu yi wasan kwaikwayo. A gindin wata tsamiya da ke bakin mayo, wato kogi, muke gwaji, shi ya sa gari ya raɗa mana 'Yan Bakin Mayo. Wasanmu na farko kowa da kayan jikinsa ya fito. Wanda ya yi Baturen mulki singileti ne a jikinsa, mai huda a ciki, ga takalmin taya. Mutane sun yi dariya, mu kuma muka ɗauka iya wasanmu ne.

Ana tashi sai ga wata gajeriyar mata ta ratso jama'a ta tsaya gaban Malam Levi.

"Malam, wancan mai singiletin shi ne Baturen?"

"Shi ne, Adda."

"To Allah ya kyauta. Wasa na gaba ka aiko mini da sunan duk wanda zai fito da sana'arsa. Kada ku ƙara kunyata unguwa."

Ba wanda ya zaɓe ta, ba wanda ya roƙe ta. Daga ranar ta zama mai kayanmu.

Ba ɗinka mana take yi ba, ina muka ga yadi? Arowa take yi. Kuma tana da doka guda wadda ba ta taɓa sassautawa: kayan kowace sana'a sai daga wajen mai sana'ar. Rigar manomi sai ta manomi, wadda ta sha rana ta koɗe a kafaɗa. Kakin masinja sai na masinja. Ran Alhamis za ta ɗauki daro ta bi gida gida, ran Asabar da la'asar mu yi wasa, ran Litinin ta mayar wa kowa kayansa a wanke, a goge da dutsen guga na gawayi, in akwai yaga ta ɗinke, in maɓalli ya ɓace ta sa sabo. An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma na Adda har ƙafa yake rufewa. Da mutane suka gane, sai wasu suka riƙa neman ta da kansu. Akwai wani mahauci da duk sa'ad da wandonsa ya yage sai ya tare ta a hanya ya tambaya ko ba a bukatar mahauci a wasan wannan makon.

Abin ya zama abin alfahari. Mutum zai zo kallo ba don wasan ba, don ya ga rigarsa tana yawo a dandali. Masinjan da ya ba da kakinsa zama yake yi a bencin gaba yana zungurin na kusa da shi yana cewa wandonsa ne. Mai kai mana labari kuwa shi ne Tizhe, mai gyaran keke, wanda muryarsa in ya ɗaga a wannan gaɓar mayo ana ji a waccan. Duk mako yakan hau kekensa da ƙararrawa a hannu ya zaga Kwaja da Duvu da Digil, ya faɗi ranar wasa da wurin da za a yi. Shi ya ƙirƙiro faɗin sunan masu ba da aro: hula ta wane ce, sanda ta wane ce. Mutane na jin daɗin a ambaci sunansu a ƙauyuka uku, mu kuma muna samun 'yan kallo. Shekara uku muna haka ba wanda ya ga aibun abin.

Maƙwabcin Adda, wanda zana ɗaya ta raba gidajensu, shi ne Gabdo, Bafulatani mai awon hatsi a kasuwa. Manoma su kawo dawa da gyaɗa ya auna ya saya, masu bukata su zo ya auna ya sayar. Shekara ashirin mutanen Digil ba su san tabarmar kowa ba sai tasa. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya. Yana da wata shuɗiyar babbar riga mai farin aiki a wuya da yake sawa duk ranar kasuwa, har in baƙo ya tambayi inda Gabdo yake sai a ce masa ya shiga layin hatsi ya nemi shuɗiyar riga. Matarsa Hansai ita ta yanke wa Selina, 'yar farin Adda, cibiya. Da Sallah nama ya tsallaka zana zuwa gidan Adda, da Kirsimeti shinkafa ta tsallaka zuwa gidan Gabdo. Ita tana ce masa Bappa, shi yana ce mata Maman Selina.

Da kakar 1964 Malam Levi ya tsara wani wasa a kan mai awo maha'inci, wanda ke sayen hatsi da babban kwano ya sayar da ƙarami. Manoma sun daɗe suna kuka da irin waɗannan mutanen, Malam ya ce bari mu buɗe musu ido. Ni aka ba mai awon, wa kuma? Adda ba ta zuwa gwaji, ta ce ba ta da lokacin kallon ƙarti suna maimaita magana ɗaya sau goma. Sunaye kawai ake aika mata. Aka aika: manoma biyu, matar manomi, ɗan doka, mai awo. Ta ce mai awo ai ga shi a bayan zanarta. Ta leƙa ta ce Bappa ya ara mata shuɗiyar riga, shi kuma ya miƙo ba tare da ya tambayi komai ba.

Tizhe ya zaga ƙauyuka uku yana shela cewa rigar mai awo ta Gabdo ce. Gabdon da bai taɓa zuwa kallonmu ba, ran nan ya zo, ya gayyato abokansa biyu na layin hatsi, suka zauna a bencin gaba.

A nan dole in faɗi nawa laifin. Ni na san abin da ke cikin wasan. Da Adda ta miƙo mini rigar a bayan dandali na gane ta sarai, kuma wani abu ya ɗarsu a raina. Amma ban taɓa sa riga mai kyau irin wannan ba. Na zura ta, na ji ta sauka har idon sawu, na ji ni wani ne, sai na yi shiru. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Ina fitowa jama'a suka ɗauki guɗa, ana cewa ga Gabdo, ga Gabdo. Shi kuwa ya sa hannu ya rufe baki yana murmushi. Da na ga abin ya karɓu sai na ƙara gishiri. Gabdo yana da wata ɗabi'a, kafin ya juye kwano sai ya yi gyaran murya ya shafi kan hatsin da tafin hannu. Na yi gyaran muryar, na yi shafar, wurin ya kece da dariya. Sannan manomin wasa ya juya baya, ni kuma na zura hannu a babban aljihun rigar na zaro kwano na biyu. Dariyar ta ci gaba, amma ba irin ta farko ba ce. Na ga matan Digil suna kallon juna. Na saci kallon bencin gaba, na ga hannun Gabdo ya sauka daga bakinsa ya koma kan gwiwa. Bai tashi ba. Ya zauna har aka kama ni, aka ja ni gaban hukuma cikin rigarsa, jama'a na ihu a tafi da ɓarawo. Da aka gama ya yi wa abokansa sallama ya tafi gida a hankali.

Ran Litinin Adda ta kai masa rigar a goge. Ni na raka ta, don ta ce in ban zo ba za ta jawo ni da kunne. Muka same shi a ƙofar gida.

"Bappa, Allah ya sani ban san abin da ke cikin wasan nan ba. Ga wannan sakaran da ya sani. Ka yi mana haƙuri."

"Ba komai, Maman Selina."

"Ga rigar."

Ya dube ta bai miƙo hannu ba. "Ki ajiye ta a wajenki. Ta fi amfani a wasa."

In Bafulatani ya ce maka ba komai da irin wannan muryar, to ka san akwai komai. Da zaginmu ya yi da mun fi samun sauƙi.

Ranar kasuwa ta zo, abin da muke tsoro ya faru. Mutanen Digil suka shigo da jakuna da kaya a ka, suka wuce tabarmar Gabdo kamar ba su taɓa ganin ta ba, suka sauke a gaba. Ba wai ba su san wasa wasa ba ne. Lissafinsu daban ne, kuma in ka duba ba wauta ba ce. Suka ce Miriyamu 'yarsu ce, zana ɗaya ta raba ta da mutumin nan, ta san cikinsa. Masu awo nawa ne a Mubi? Me ya sa ba ta aro rigar kowa ba sai tasa? Ai faɗa musu take yi a fakaice, don kunyar maƙwabtaka ba ta bari ta faɗa da baki. Ruwa ba ya tsami banza. Mutanen Kwaja da Duvu suka ji, su ma suka bi sahu. Mai awo kuwa kaka ce shekararsa, in ta wuce shi tabarmarsa wayam, sai kuma baɗi. Kasuwa uku a jere Gabdo na zaune da kwanonsa a kife. Hansai ba ta daina gaisuwa ba, amma ta daina tsayawa a jikin zana.

Muka yi taro a gindin tsamiya. Malam Levi, mutumin allo da alli, ya ce abin da shela ta ɓata shela ce za ta gyara. Aka tura Tizhe. Ya hau keke ya zaga yana kaɗa ƙararrawa yana cewa ana sanar da jama'a Gabdo mai awo ba shi da kwano biyu. A Duvu akwai unguwannin da ba su ma ji labarin ba. Suka fito suna tambaya wane Gabdo, wane kwano? Wani tsoho ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Garin neman gira muka rasa ido. Tizhe ya dawo da ƙura har gashin ido ya ce shi kada a ƙara aikensa.

Adda ta tafi Digil da ƙafarta ta zauna da danginta ta yi musu bayani tiryan tiryan. Suka saurara, suka gyaɗa kai, suka ce sun gane, maƙwabcinta ne, dole ta faɗi haka. Ta dawo tana huci. A cikin gari kuma masu ba da aro suka fara noƙewa. Duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa sai an tambaye ta ko Kalibu ne zai sa. Har mahaucin nan ya gwammace ya yi yawo da yagaggen wando.

Wata la'asar muna gwaji sai ga ta, karo na farko tun da aka kafa ƙungiyar. Ta ajiye daronta ta zauna a kan saiwar tsamiya.

"Malam, ɗauko takarda. Wasa za ka tsara, na tela mace ɓarauniya."

Malam Levi ya gyara tabarau. "Adda, ba wanda zai ara mana zane yanzu."

"Zanena za a sa. Da ɗankwalina. Da keken ɗinkina. A Digil za a yi, kuma Tizhe zai faɗi sunana a ƙauyuka uku kamar yadda ya faɗi na Bappa."

Kirsimeti saura mako biyar, lokacin da kowace mace ke kawo ɗinki, wato kakar tela ke nan. Malam ya ce mata za ta kashe kasuwarta da hannunta. Ta ce kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Ta ce mutanen Digil sun san ta tun tana rarrafe. In suka ga zanenta a jikin ɓarauniya, ko dai su yarda ita ma ɓarauniya ce, ko su yarda riga riga ce kawai. Su zaɓa.

Ita ta ba Malam duk dabarun: yadda ake ninke yadi a saci rabin kamu a tsakiya, yadda ake tura ƙyalle a ƙarƙashin cinya ana hira, yadda ake cewa atamfar ce ta shige da aka wanke. Malam na rubutawa yana kallonta ta saman tabarau. Ta ce ya daina kallonta haka, sanin hanyar rijiya ba faɗawa ciki ba ne. Mijinta Yaji da ya dawo ya ji, ya yi faɗa kwana biyu, a rana ta uku shi ya ɗaure keken ɗinkin a kan amalanke ya tura har Digil.

A wancan lokacin mata ba sa fitowa a wasanmu, maza ke yin mata. Ba sai na faɗa muku wanda aka ba ɓarauniyar ba. Na aske gemu tas. A bayan wani rumbu Adda ta ɗaura mini zanenta na zuwa coci, atamfa ja mai ratsin rawaya wadda duk Digil suka sani, ta tamke shi har numfashina ya ɗauke. Ta ɗaura mini ɗankwali ta soke allura a gefe.

"Kalibu, ka yi ni sosai. Yadda ka yi Bappa haka za ka yi ni. In ka rage ko kaɗan don jin kunyata, ni da kai ne."

A masussukar gari aka yi, ran Asabar da la'asar. Ban taɓa ganin taro irin wannan a Digil ba, har kan duwatsu mutane ne. Adda ta zauna a gaba, a tsakiyar 'yan uwan uwarta. Na fito da tafiyarta, gajeren taku mai sauri, na riƙe ƙugu na dubi wanda ya kawo ɗinki daga sama har ƙasa na ce rigarsa ta yi muni ya tuɓe. Wurin ya hargitse da dariya, wata mata har ta faɗo daga turmin da take zaune. Sannan na fara sata. Na ninke yadi, na datse, na tura ƙarƙashin cinya ina tambayar mai kayan lafiyar yara. Dariyar ta fara raguwa. Mutane suka daina kallona suka koma kallon Adda. Ita kuwa ta fi kowa ƙyaƙyatawa, tana tafa hannu, har ta ɗaga murya ta ce in ƙara datsa, wannan ai kaɗan na ɗauka. Daga ƙarshe ɗan doka ya ɗaga ni daga kujera, ƙyallaye suka zubo daga zanen kamar kaza ta tashi daga kan ƙwai, aka ja ni aka fita.

Kafin mutane su motsa Adda ta miƙe ta shiga tsakiyar fili. Ba ta taɓa magana a gaban taro ba, sai ta riƙe kan keken.

"Zanen nan nawa ne, kun sani. Keken nan nawa ne. Yawancinku ni nake yi muku ɗinki. Wanda na taɓa ci masa ko ƙyallen ɗaure yatsa, ya tashi ya faɗa."

Can sai wani dogon mutum ya miƙe daga baya.

"Ni dai wandon da kika ɗinka mini bara ya yi gajere."

"Yadi ɗaya da rabi ka kawo, da waɗannan ƙafafun naka. Na ce ka ƙaro ka ce in lallaɓa. Ƙarya na yi?"

"A'a, haka aka yi." Ya zauna, aka yi ta yi masa dariya.

Wata tsohuwa mai suna Dorcas, ƙanwar kakarta, ta buga sandarta a ƙasa ta ce da irin Hausarmu ta nan, "Miriyamu ba ya sata. Zane ne kawai an sa ma mahaukacin nan."

"To, Kaka, zane ne kawai. Rigar Bappa Gabdo ma ni na aro ta, kuma wannan mahaukacin ne ya sa ta. Shekara ashirin kuna kai masa hatsi. Wanda ya taɓa komawa gida ya ga an rage masa, ya tashi ya faɗa."

Ba wanda ya tashi. Maza suka sunkuyar da kai, wasu na tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Tsohuwa Dorcas ta ce an yi abin kunya, kuma ita gyaɗarta ranar kasuwa wajen Gabdo za ta, wanda ya ga dama ya bi ta.

Sun bi ta. Kasuwar farko matan Digil ne, ta biyu mazansu, ta uku har da mutanen Kwaja da Duvu. Ba wanda ya ba shi haƙuri da baki, sauke kaya kawai suke yi a tabarmarsa su gaishe shi gaisuwa mai tsawo. Shi ma bai tambayi kowa inda ya shiga ba. Ƙungiya kuma ta kafa doka: daga ranar kayan mugu a wasa ba a aro su, Adda ta ɗinka mini riga da wando na buhun gishiri, su na yi ta sawa har ƙungiyar ta watse a 1975. Tizhe ya ci gaba da faɗin sunan masu aro, amma sai ya fara tambayar Malam halin wanda zai sa kayan.

Sai dai labarin Digil rabi ne ya iso cikin gari. Abin da aka ji shi ne 'Yan Bakin Mayo sun tona asirin Miriyamu tela a gaban danginta. Wasu matan suka kwashe ɗinkin Kirsimetinsu suka kai wani wuri. Waɗanda suka zo kuma sai su tsaya suna auna atamfarsu da kamun hannu a gabanta, suna cewa a ajiye musu ragowar. Abin ya ci mata rai, ni na sani, don ta rame a wuya. Amma ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta rataya tef a wuya, duk wanda ya kawo yadi sai ta auna a gaban idonsa ta faɗa da ƙarfi kafin ta karɓa. Gabdo kuwa har lokacin daga gaisuwa ba ya ƙara mata komai. Wannan ya fi ɗinkin damunta. Ta ce mini hatsi ya koma masa, ta gode Allah, amma ita maƙwabcinta take so.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin Kirsimeti ina rumfarta, na kawo mata gyaran aljihu. Mata uku na tsaye, ɗaya na ƙirga kamun atamfarta a karo na biyu. Sai inuwa ta rufe bakin rumfar. Gabdo ne, da ƙunshi a hammata. Matan suka matsa. Ya yi sallama, ya kwance ƙunshin a kan teburin: farin yadi mai yawa, da atamfa a ninke.

"Maman Selina, jamfa da wando nake so. Atamfar kuma ta Hansai ce, ta ce kin san yadda take so."

"To, Bappa." Ta ciro tef daga wuya ta kama bakin yadin.

Ya ɗora tafin hannunsa a kai. "Kada ki auna."

"Bappa, yanzu kowa a gabansa nake aunawa."

"Na ji. Ni ban auna ba da na saya, kuma ba zan tsaya a auna mini a rumfarki ba. Ki yanka abin da ya isa. Abin da ya saura ke kika sani."

Bai ɗaga murya ba, amma duk wanda ke layin ya ji. Matar da ke ƙirga kamu ta ninke atamfarta ta ajiye a kan teburin a hankali. Gabdo ya ce wa Adda Hansai na jiran ta da yamma a jikin zana, wai akwai maganar da ta taru. Ya juya ya nufi layin hatsi, inda jakunan Digil ke tsaye suna jiransa.

Adda ta ajiye tef ɗin. Ta zauna ta ɗauki zare za ta sa a allura. Sau uku tana kuskure ramin. Sai ta miƙo mini ba tare da ta ɗago kai ba.

"Kalibu, sa mini. Yau idona ba ya gani."